Daga Dandali zuwa Masaƙa: Nazarin Siffofin Rawar Gargajiyar Indiya a Adon Tufafi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda tsayuwar jiki da alamomin hannu na raye-rayen gargajiyar Indiya suka zama ado a jikin yadudduka, ta hanyar kwatanta sana'o'i biyar, wato bugun auduga na Gujarat, da saƙar patola, da saƙar Baluchari, da surfanin Chamba, da zanen kalamkari. Maƙalar ta nuna cewa siffar mai rawa takan biyo ta sassaƙar wuraren bauta da zanen littattafai kafin ta iso ga masaƙi, kuma dabarar da aka bi wajen yin yadin ita ke yanke hukunci a kan abin da zai tsira daga siffar. Ta kuma nuna cewa danganta adon yadi da wata rawa mai suna, kamar Bharatanatyam ko Odissi, abu ne da ya samo asali a ƙarni na 20.

Muhimman kalmomi: rawa, saƙa, rini, surfani, karana, hasta, sari.

1.0 Gabatarwa

Rawa motsi ce da ke wucewa da wucewar lokaci, yadi kuwa shimfiɗa ce da ba ta motsi, saboda haka duk mai son ɗora rawa a kan yadi dole ya zaɓi wani lokaci guda da jikin mai rawa ya tsaya, ya bar sauran. Raye-rayen gargajiyar Indiya sun sauƙaƙa wannan zaɓi, domin an gina su a kan tsayuwa masu suna da ƙa'ida waɗanda aka rubuta tun da daɗewa. Hukumar Sangeet Natak Akademi, wadda aka ƙaddamar a 1953 don kula da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo, ta amince da raye-raye takwas a matsayin na gargajiya masu ƙa'ida: Bharatanatyam, da Kathak, da Kathakali, da Kuchipudi, da Odissi, da Manipuri, da Mohiniyattam, da kuma Sattriya wadda aka ƙara a shekarar 2000. Tambayoyin da maƙalar ke son amsawa biyu ne: ta wace hanya siffofin waɗannan raye-raye suka iso ga yadi, kuma wane sauyi suka samu a hannun masaƙa da marina da masu surfani?

2.0 Tushen siffofin: littafi da dutse

Littafin Natyashastra, wanda ake dangantawa da Bharata, kuma masana ke sanya rubutunsa tsakanin shekara ta 200 kafin Miladiyya da ta 200 bayanta, ya lissafa karana 108 a babinsa na huɗu. Karana ita ce haɗuwar motsin hannu da na ƙafa da tsayuwar jiki a gaɓa guda ta rawa. Wani littafin da ya biyo baya, Abhinaya Darpana na Nandikeshvara, ya lissafa hasta, wato alamomin da ake yi da yatsu, 28 na hannu ɗaya da 23 na hannu biyu. Daga cikinsu akwai alapadma da ke nuna buɗaɗɗen furen bado, da mayura da ke nuna ɗawisu, da mrigashirsha da ke nuna kan barewa. Abin lura a nan shi ne, bado da ɗawisu da barewa su ne kuma adon da masaƙan Indiya suka daɗe suna zubawa a bakin yadi, don haka mai rawa da masaƙi suna ɗiba ne daga rumbu ɗaya tun kafin siffar mutum ta hau yadi.

Masassaƙa ne suka fara tsayar da waɗannan motsi. A haikalin Brihadeeswara na Thanjavur, wanda sarki Rajaraja na Ɗaya na daular Chola ya kammala a 1010, an sassaƙa karana 81 daga cikin 108, aka bar sauran duwatsun ba a taɓa su ba. A ƙofofin haikalin Chidambaram kuwa an sassaƙa su duka, kowace a cikin ɗan akwatinta mai kusurwa huɗu, mai rawa a tsakiya, makaɗa a gefenta. Haka nan zauren rawa na haikalin Konark a Odisha, wanda aka gina a ƙarni na 13 zamanin sarki Narasimhadeva na Ɗaya, cike yake da siffofin mata masu rawa da masu kiɗa. Wannan tsari na jera siffofi cikin akwatuna, ɗaya bayan ɗaya, shi ne ya fi dacewa da masaƙa, domin saƙa ma aikin maimaici ce a kan layi.

3.0 Yadda dabarar yin yadi ke sauya siffa

3.1 Bugun auduga na Gujarat

Ɗaya daga cikin tsofaffin shaidun da ake da su na masu rawa a jikin yadin Indiya ta fito ne daga dogayen yadudduka na auduga da aka yi a Gujarat aka kai tsibiran Indunusiya, inda al'ummar Toraja ta Sulawesi da wasunsu suka adana su a matsayin kayan gado na bukukuwa. Gwajin kimiyya na auna shekarun zare ya nuna cewa wasu daga cikinsu na ƙarni na 14 da na 15 ne. Ana buga siffar da hatimin katako ko a zana ta da hannu, ana amfani da sinadarin kama launi don samun ja, da kuma shuni don samun shuɗi. Matan da ke jikin waɗannan yadudduka suna da ƙirar da aka sani a zanen littattafan addinin Jain na yammacin Indiya: fuska a karkace, dogon hanci mai tsini, ƙugu siriri, da idon nesa da ya fito waje da fuska. Wannan kama ta nuna cewa mai yadin ya ɗauko siffarsa daga mai zanen littafi, ya maimaita ta har tsawon yadin.

3.2 Patola

Patola saƙar siliki ce ta garin Patan a Gujarat, wadda dangin Salvi suka shahara da ita. Dabararta ita ce a ɗaure zaren tsaye da zaren kwance a rina su kashi-kashi kafin a hau masaƙa, kamar yadda ake ɗaure yadi kafin a tsoma shi a marinar Ƙofar Mata a Kano, sai dai a nan zaren ake ɗaurewa tun kafin ya zama yadi, kuma siffar ba ta bayyana sai zaren biyu sun haɗu daidai wurin da aka lissafa. Aikin sari ɗaya yakan ci watanni. Tun da ana ɗaure zaren ne a dunƙule-dunƙule, ba a iya samun lanƙwasa mai santsi. Kowane layi mai karkata yakan fito hawa-hawa. A adon da ake kira nari kunjar, inda mace mai rawa da giwa da aku da fure ke zaune cikin raga, matar ta koma siffa mai kusurwoyi: siket mai faɗi, hannaye a buɗe, kai ƙarami. Yatsu sun ɓace gaba ɗaya, wanda ke nufin hasta, wadda ita ce harshen rawar, ba ta tsira a patola. Abin da ya rage shi ne faɗin tsayuwa da ɗagin hannu.

Masaƙan Patan sun kuma yi la'akari da mai saye. Adon da ake kira vohra gaji, wanda Musulmin Bohra na Gujarat suka fi so, ganyaye ne da siffofin lissafi kawai, babu mutum babu dabba, dalilin da mai karatu a ƙasar Hausa, inda aikin babbar riga irin su aska takwas ya kauce wa siffar mai rai, zai gane ba tare da dogon bayani ba.

3.3 Baluchari

Saƙar Baluchari ta bunƙasa a ƙarni na 18 a kusa da Murshidabad, babban birnin sarakunan Bengal, kuma ƙarfinta yana a pallu, wato ƙarshen sari da ake yafawa a kafaɗa. Ana sa ƙarin zaren kwance don fitar da siffa, abin da ke ba da damar lanƙwasa fiye da patola. Tsofaffin Baluchari sun nuna rayuwar fada: masu mulki na shan shisha, da mata, da mahaya, da Turawa a cikin jirgin ƙasa ko na ruwa, kowanne a cikin akwatinsa. Sana'ar ta durƙushe a farkon ƙarni na 20 bayan rasuwar Dubraj Das, masaƙin da ya fi shahara da ita, sannan aka farfaɗo da ita a Bishnupur a shekarun 1950 ta ƙoƙarin mai zane Subho Thakur da masaƙi Akshay Kumar Das, da na'urar jakad mai aiki da katuna masu huda. Da wannan ƙaura adon ya sauya, domin masaƙan sun koma ɗauko siffofi daga bangon haikalan Bishnupur na gasasshen yumɓu, irin su Shyam Rai na 1643, inda aka nuna Krishna, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Hindu, yana rawa da matan makiyaya. A nan ma bango ne ya tsaya tsakanin mai rawa da masaƙi.

3.4 Surfanin Chamba da zanen kalamkari

Inda allura ko alƙalami suka maye gurbin masaƙa, siffar takan samu 'yanci. Rumal na Chamba, a tsaunukan Himachal Pradesh, ƙyalle ne da ake yi wa surfani da zaren siliki marar murɗi, da ɗinkin da ke fitowa iri ɗaya gaba da baya, kuma a ƙarni na 18 da na 19 masu zanen fada ne kan zana layin farko, matan fada su cike. Jigon da ya fi yawa shi ne rasamandala, wato da'irar rawar Krishna, kuma da yake ƙyallen mai kusurwa huɗu ne da ake rufe kyauta da shi, ana kallonsa ta kowane ɓangare, sai da'irar ta dace da shi sosai. Kalamkari na Srikalahasti a Andhra Pradesh kuwa zane ne da alƙalamin gora a kan audugar da aka jiƙa da madarar ɓauna da 'ya'yan itacen da ke kama launi, ana samun baƙi daga tsatsar ƙarfe da aka tsima da mazarƙwaila. Wannan sana'a tana iya fitar da yatsu ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa adon hasta zalla, hannaye ba tare da jiki ba, ya yawaita a sari da rigunan kalamkari na zamanin nan.

4.0 Ƙarni na 20 da sanya wa siffofi suna

Masu rawar da ke jikin tsofaffin yadudduka 'yan fada ne, ko bayin haikali, ko matan da'irar Krishna. Ba a kiransu da sunayen raye-rayen yau, domin yawancin sunayen da tsarin koyarwar sun kafu ne daga baya. A shekarun 1930 aka sake wa rawar sadir ta matan haikalin kudu fasali da sunan Bharatanatyam, Rukmini Devi Arundale ta kafa makarantar Kalakshetra a Madras a 1936, ta buɗe sashen saƙa a 1937 don dawo da tsofaffin adon sari, sannan dokar 1947 ta Madras ta haramta sadaukar da mata ga haikali. A ƙarshen shekarun 1950 malaman rawa irin su Kelucharan Mohapatra da Pankaj Charan Das suka tsara Odissi, suna masu dogaro da sassaƙar haikalan Odisha. Ke nan dutsen da ya ba masaƙi siffa shi ne ya sake ba mai rawa tsayuwa.

Daga wannan lokaci kowace rawa ta samu tsayuwar da ake gane ta da ita ko da a inuwa: aramandi, wato rabin zama da gwiwoyi a buɗe, ga Bharatanatyam, tribhanga, wato karya jiki gida uku a wuya da ƙugu da gwiwa, ga Odissi, da juyi mai buɗa siket ga Kathak. Waɗannan su ne masu tsara tufafi ke bugawa a yau a kan sari da mayafi da jaka, domin ana gane su daga nesa. Tasirin ya wuce ado ya shiga yanka da ɗinki. Rigar anarkali, mai matsattsen ƙirji da faffaɗan ƙasa da ke buɗewa idan an juya, ta samu farin jini bayan fim ɗin Mughal-e-Azam na 1960, inda Madhubala ta yi rawar salon Kathak, kuma ta hanyar finafinan Indiya masu kallo a Kano da sauran biranen Arewa suka san wannan yanka.

5.0 Matsalolin da ke tattare da adon

Matsala ta farko ita ce ta kwaikwayo, domin injin saƙa da bugun kwamfuta suna fitar da siffar da ta ci masaƙi watanni a cikin sa'o'i kaɗan, a sayar da ita da arha. Indiya ta yi dokar 1985 da ta keɓe wasu kayayyaki ga masaƙar hannu, da dokar 1999 ta alamar asalin wuri, wadda a ƙarƙashinta aka yi wa patola na Patan da Baluchari da rumal na Chamba rajista, sai dai dokar ta biyu sunan kaya take karewa, tsayuwar rawa kuwa mallakin kowa ce. Matsala ta biyu ta shafi tsarki, tun da yawancin siffofin na abubuwan bautar Hindu ne, kamar Nataraja, wato Shiva a cikin rawarsa. Ƙorafin da ya tashi a 2011, lokacin da aka nuna hoton Lakshmi, wata abar bautar Hindu, a jikin rigar iyo a bikin nunin tufafi na Ostireliya, ya tabbatar da cewa wurin da siffa ta faɗa a jikin mutum yana da hukunci a idon masu ita. Ta uku ita ce ta kuskure, inda mai zanen da bai san ƙa'idar hasta ba kan haɗa hannun wata rawa da tufafin wata.

6.0 Kammalawa

Kwatancin sana'o'in biyar ya nuna cewa gwargwadon yadda dabara ta ɗaure mai aiki da lissafin zare, gwargwadon yadda siffar mai rawa ke rasa ƙananan bayanai: patola ta riƙe tsayuwa kawai, Baluchari ta riƙe lanƙwasar jiki, surfani da kalamkari suka riƙe har yatsu. Ya kuma nuna cewa littafi da dutse da bangon yumɓu su ne hanyar da siffar ta bi, kuma yawancin sunayen raye-rayen da ake liƙa wa adon a kasuwa a ƙarni na 20 suka kafu. Don haka ya kamata mai nazarin yadi ya fara tantance zamanin yadin da dabarar yinsa da kuma hoton da aka kwaikwaya kafin ya danganta siffar da wata rawa. Fannin da ke buƙatar ƙarin bincike shi ne yadda masu sayen da ba Hindu ba, a Indiya da wajenta, suka sa masaƙa rage siffar mutum ko maye gurbinta da fure da ganye.