Na'urar da ke tatsar ruwa daga iska

A shekarar 2016 wani saurayi ɗan ƙasar Ostiriya ya nuna wa duniya wata gora mai suna Fontus. Ya ce ka rataya ta a keke ko a jaka, hasken rana ya ba ta wuta, ita kuma ta tatso ruwa daga iska ta cika kanta. Ya nemi jama'a su haɗa masa kuɗi a shafin Indiegogo, kamar yadda muke zubin adashi, sai dai a nan kana biya ne tun ba a ƙera kayan ba. Aka tara sama da dala 300,000. A 2018 kamfanin ya karye, waɗanda suka zuba kuwa ba su ga gorar da aka nuna musu ba.

A wannan shekara ta 2016 ne kuma aka fito da WaterSeer, wani bututu da za a binne a ƙasa, wai ya ba da har lita 37 a yini ba tare da lantarki ba. Da ƙishirwar talakawa irinmu aka yi tallarsa, shi ma ya kwashi sama da dala 300,000.

To, ƴan uwa, mu ɗauki alli mu yi lissafi irin na aji. Iskar da zafinta ya kai digiri 30, in ta ƙoshi da raɓa iyakar ƙoshi, giram 30 kacal na ruwa take ɗauka a cikin mita guda mai tsawo, faɗi da zurfi. Ke nan lita ɗaya sai an matse irin wannan fiye da 30, kuma sai an sanyaya iskar, abin da ke cin wuta sosai. Wannan fa a ƙasar da ke da laima ke nan. Mu nan Adar, a hunturun da leɓe ke tsagewa, wane ruwa iska ta ɗauko da za a tatsa?

Abin da ya sa nake kawo wannan tarihi shi ne, ƙasarmu ta taɓa ganin yadda ake samun ruwa da gaske. A 1975 ma'aikatan daji da ƙungiyar CARE suka fara dasa layukan bedi a kwarin Magiya, wajen Buza, don tare iskar da ke kwashe ƙasar gona. A 1984, shekarar babban fari, aka buɗe furojen Keita da kuɗin Italiya da hannun FAO. Mata ne mafi yawan ma'aikatan, ladansu abinci. Dutse bisa dutse suka jera, aka haƙa ramuka a jikin tuddai, aka datse koramu, don ruwan damina ya tsaya ya nutse maimakon ya gudu. An ɗauki shekaru, amma mai shakka yana iya zuwa da ƙafarsa ya taɓa icen, ya leƙa rijiyar.

Bambancin ke nan: Fontus bidiyo aka nuna, Keita kuwa gona. Yanzu da kowane ɗan lakwal ke da waya, irin wannan talla tana iso mu ta WhatsApp da Facebook: famfo mai aiki da rana a rabin farashi, batirin da ba ya mutuwa, biya yau, kaya na hanya. Kuma mai garkar albasa a Madawa, wanda kuɗin mai suka ishe shi, ɗansa mai karatu zai miƙa wa wayar ya ce: «Duba mini, gaskiya ne?»

Ni dai tambaya uku nake ganin ya kamata mu yi kafin jikka ɗaya ta fita. Lita nawa, kuma a wane wata? Garkar wa ya shekara yana aiki, mu je mu gani? In ya lalace, wa ke gyara shi a Tawa? Mai kaya na gari ba ya tsoron waɗannan. Wanda ya ce yi sauri kar a rufe, bar masa kayansa.