Tarihin Na'urar Numfashi da Ciwon Huhun da Ke Biyo Tiyatar Ƙwaƙwalwa a Khartum

Gabatarwa

Wannan maƙala ta waiwayi yadda na'urar taimaka wa numfashi ta samo asali, da yadda tiyatar ƙwaƙwalwa ta kafu a Khartum, sannan da ciwon huhun da kan kama majinyaci bayan an jona masa na'urar.

Asalin Na'urar

A shekarar 1952 annobar shan-inna ta afka wa birnin Kofanhegan na ƙasar Danmak, inda majinyata da dama suka rasa ƙarfin shaƙar iska. Likita Bjorn Ibsen ya ba da shawarar a huda maƙogwaro a zura bututu, a riƙa tura iska cikin huhu. Ɗaruruwan ɗaliban likitanci suka riƙa karɓa-karɓa suna matsa jakar iska da hannu dare da rana, mace-macen kuwa suka ragu ainun. A 1953 Ibsen ya buɗe sashen kulawa ta musamman, wanda ake ɗauka shi ne na farko a duniya.

Khartum

An buɗe Makarantar Likitanci ta Kitchener a 1924. A 1951 aka haɗe ta da Kwalejin Gordon, kuma daga wannan haɗaka ne Jami'ar Khartum ta samu a 1956. Tiyatar ƙwaƙwalwa kuwa sai a farkon shekarun 1970 ta kafu a Asibitin Sha'ab, ƙarƙashin Dokta Husaini Sulaiman Abu Salih, wanda daga baya ya riƙe muƙamin ministan harkokin wajen Sudan.

Yadda Ciwon Ke Samuwa

Wanda aka yi wa tiyata a ƙwaƙwalwa sau da yawa yakan kwana da kwanaki bai farfaɗo ba. Ba ya iya tari, ba ya iya haɗiye yawu yadda ya kamata. Majina da ƙwayoyin cutar baki kan taru a saman bututun, su zurara zuwa huhu. Idan ciwon huhu ya bayyana bayan sa'o'i 48 da zura bututun, likitoci kan danganta shi da na'urar. Zazzaɓi da ƙarancin iskar oksijin da ke biyo baya suna ƙara illata ƙwaƙwalwar da take jinya.

Rigakafinsa ya dogara ga ma'aikatan jinya: ɗaga kan gado da digiri 30 zuwa 45, tsaftace bakin majinyaci, wanke hannu, da gwada shi kullum ko zai iya numfashi da kansa don a cire bututun da wuri.

Kammalawa

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya rufe yawancin asibitocin Khartum, aka rasa wuta da ruwa da ma'aikata. Asibitin Al-Nau na Omdurman na cikin 'yan ƙalilan da suka ci gaba da karɓar majinyata. Duk mai son farfaɗo da tiyatar ƙwaƙwalwa a birnin, wajibi ne ya tanadi tsayayyar wutar lantarki da ƙwararrun masu jinya tare da na'urorin.