Keken Sassarfa Da Jariri: Ɗan Jarida Ne Ya Ƙera Shi

Jama'a, wani bawan Allah ya kafe a kan cewa keken jariri mai taya uku, wanda iyaye ke turawa suna sassarfa, dabarar 'yan kasuwa ce kawai, wai tsohon keke aka sauya wa suna aka ninka masa kuɗi. Malam, ba haka zancen yake ba. Gyara zama ka sha labari.

Kun dai san na baya. A 1733 William Kent ya ƙera wa 'ya'yan basaraken Devonshire na Ingila ɗan keken da akuya ko ƙaramin doki zai ja. A 1965 Owen Maclaren, injiniyan da ya yi aiki a kan ƙafafun jirgin yaƙin Spitfire, ya fito da mai naɗewa kamar laima. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda masu ba da wannan tarihi ke tsallake William Richardson, baƙar fatan Amurka daga Baltimore, wanda a 1889 ya yi rajistar keken da ake juya kwandonsa jariri ya fuskanci mai turawa, tayoyinsa kuma kowacce na juyawa da kanta. A ba mutumin nan haƙƙinsa mana!

To, duk waɗannan na tafiyar a hankali ne. Da guguwar sassarfa ta kama Amurka, musamman bayan Frank Shorter ya ci zinare a gudun fanfalaki na Olamfik a Munich a 1972, sai iyaye masu gudu suka rasa yadda za su yi da goyonsu.

Nan gwanina ya shigo. Phil Baechler, ma'aikacin jarida a garin Yakima na jihar Washington, mai son gudu, ga jariri a gida. Bai yarda ya bar gudu ba, bai kuma yarda ya bar yaron ba. A 1983 ya shiga garejinsa ya haɗa keke da tayoyin keken hawa guda uku, biyu a baya, ɗaya a gaba. Ku duba hikimar. Ƙananan tayoyin roba na keken gama-gari da zarar ka ƙara sauri sai su kama karkarwa, tsakuwa ɗaya ta isa ta tsayar da su cak. Babbar taya mai iska kuwa hayewa take yi, ta shanye girgizar kafin ta kai ga bayan yaro. Ya kuma kafe tayar gaba ba ta waiwaye, ya miƙa ta can nesa da na baya domin keken ya riƙe hanya sak. In za ka yi kwana, sai ka ɗan danna mariƙin ƙasa, goshin ya ɗaga, ka karkata. Wannan ba aikin mai talla ba ne, tunanin mutumin da ya san gudu ne da ƙafarsa. A 1984 shi da matarsa Mary suka kafa kamfanin Racing Strollers, suka sa wa keken suna Baby Jogger. Kuma Mary ce ta riƙe ragamar kamfanin shekaru da dama, ita ma ba a cika ambatonta ba.

Sauran labarin na masu kuɗi ne. Kamfanin BOB na Kalifoniya suka shigo harkar, Britax ta saye su a 2011, Thule ta saye kamfanin Chariot a wannan shekarar, Newell Rubbermaid ta saye Baby Jogger a 2014. Yanzu ma wasu kekunan da ke ɗauke da sunan Baby Jogger ba na gudu ba ne sam, nan ne kawai abokin gardamata yake da ɗan gaskiya.

Don haka mai niyyar saye, kada suna ya ruɗe ka. Duba manyan tayoyi masu iska, tayar gaba mai kullewa, birkin hannu, igiyar ɗaurawa a wuyan hannu, da bel mai kama yaro ta wuri biyar. Kada kuma ka yi gudu da jariri sai wuyansa ya yi ƙwari, wajen wata 6 zuwa 8, bayan ka ji ta bakin likita.