Lalle, Tsohuwar Shukar Bayan Ɗaki



Turawa suna da wata al'ada game da furen wardi, watau wannan da ake tatsar turarensa, wanda alhazai kan kawo mana tsaraba daga Ɗa'ifa. Duk dangin wardin da ake da shi kafin 1867, shekarar da wani manomin fure ya fito da sabon iri mai suna La France, suna kiransa tsohon iri, suna kuma ji da shi ƙwarai. A Amurka har akwai masu bin kangaye da tsofaffin maƙabartu suna yanko reshensa don kada irin ya ɓace. Mu a ƙasar Birnin Gwari wardi bai zama shukar gida ba, amma muna da tamu wadda ba ta gaza shi ƙamshi ko tarihi ba, ita ce lalle.

Dubban shekaru da suka wuce Misirawa suna amfani da shi, har an tarar da alamarsa a gashin gawar Fir'auna Ramses na biyu. A Musulunci kuwa ya tabbata cewa Sayyidina Abubakar, Allah ya ƙara masa yarda, yakan rina gemunsa da lalle. Masana harshe suna ganin kalmar ta zo mana ne daga bakin Buzaye, domin Larabawa hinna suke ce masa, alhali Barebari suna cewa nalle, Yarabawa kuma laali. Ke nan ta hamada ya biyo ayari ya iso, daga nan fatake suka gangara da shi kudu.

Waɗanda ba su yi barci a darasin kimiyyar tsirrai ba za su tuna da Linnaeus. Shi ya raɗa masa suna Lawsonia inermis a 1753, don karrama abokinsa, wani likita ɗan Sukotlan mai suna Isaac Lawson. Kalma ta biyun ma'anarta marar ƙaya. To, duk wanda ya taɓa kutsawa cikin tsohon shingen lalle ya san ƙananan rassansa kan bushe su yi tsini, su karce mutum sarai.

Nan kusa da mu, a Giwa, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da wata dattijuwa tana rubuta labarin rayuwarta, aka buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo. Mai son ya ga matsayin lalle a bikin aure na zamanin kakanninmu, tun daga kamun amarya har zuwa kwanakin da take yi cikin lalle, sai ya nemi littafin. Yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganin zunguru ba, wannan doguwar ƙwarya da mace kan zura hannunta a ciki bayan ta yi ƙunshi.

A lambu kuwa lalle ba shi da fitina. In an bar shi yakan wuce tsawon mutum sau biyu ko uku, in an riƙa datse shi sai ya yi duhu ya zama shinge. Furanninsa ƙanana ne, farare ko masu ɗan ja-ja, ba su da wani kyan gani, amma da almuru ƙamshinsu kan cika tsakar gida. Yana son rana da zafi, yana jure fari, ba ya son ƙasar da ruwa ke kwanciya. Sanyin hunturu kan sa ya zubar da ganye, zafi na dawowa ya sake toho. Sinadarin da ke cikin ganyen yana kama fata da farce da gashi ne ba tare da ya ƙona su ba. Wannan baƙin da ake sayarwa a kasuwa da sunan lalle kuwa galibi rinin gashi ne mai sinadarin PPD, kuma ya sha tayar wa mata da ƙuraje da bororo a hannu.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne halin da ƙasarmu ta shiga. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 a ƙarƙashin En'e, aka kuma mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, da shi da dazuzzukan da ke maƙwabtaka da shi sun zama mafakar 'yan bindiga shekara da shekaru. Ƙauyuka da dama sun watse, hanyar Kaduna ta zama abin tsoro. Doka da kaɗanya da ɗorawa 'yan daji ne, za su rayu ko babu kowa. Lalle ɗan gida ne. In masu gida sun gudu, gobarar daji da dabbobi da gatarin mai neman itace ne ke gadonsa. An yi sulhu a ƙarshen 2024, har aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, wasu kuma suka koma garuruwansu. Mai komawa kango da iyali jinka da hatsi ne a gabansa, ba wanda zai zarge shi in bai tuna da shukar bayan ɗaki ba.

Wannan aiki bai fi ƙarfin ƙungiyarmu ba, kuma ba ya bukatar gidauniya. Duk wanda ke da tsohon lalle a gidansu, in damina ta kankama ya yanko rassa masu ƙwari, tsawon taƙi ɗaya ko fiye kaɗan, ya rubuta sunan garin da ya samo su, ya kawo makaranta. A kafa su a jere bayan ɗakunan karatu, a damƙa wa 'yan kulob ɗin manoma ban ruwan rani na farko.