Gado a tsarin rubuta manhajar kwamfuta

Gado wata dabara ce da masu rubuta manhaja kan yi amfani da ita domin wani aji ya karɓi ayyukan da aka riga aka rubuta a wani aji, ba tare da an sake rubuta su ba.

Aji a nan yana nufin tsarin da ke bayyana siffofin wani abu da ayyukan da zai iya yi.

Dabarar ta samo asali ne daga harshen Simula 67, wanda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka ƙirƙira a birnin Oslo na ƙasar Norway. An ba su lambar yabo ta Turing ta 2001.

Wa ke gadon me?

A ce manhajar banki tana da aji mai suna Asusu, mai ayyukan zuba kuɗi da cirewa. Idan ajin Asusun Ɗalibi ya gaje shi, zai sami ayyukan biyu nan take, kuma yana iya sake fasalin na cirewa domin ƙayyade abin da za a fitar a rana.

Sunan dai ya ɗan yi nesa da gadon da aka sani: ba a jiran mutuwa, ba a kuma rabo.

Sai dai ba komai ne magaji ke iya taɓawa ba. A harsunan Java da C++, aikin da aka rufe a matsayin sirrin aji ba ya kirawuwa daga magajinsa. Haka kuma gadon ba ya komawa baya. A Java, idan aka ayyana abu a matsayin Asusu kawai, ba za a iya kiran aikin da Asusun Ɗalibi ya ƙara ba, ko da kuwa asusun na ɗalibi ne, sai an fito fili an sauya masa nau'i. Nan ne masu koyo suka fi yin tuntuɓe.

Gado daga aji biyu

C++ ya amince aji ya gaji fiye da aji ɗaya tun 1989. Java, wanda ya fito a 1995, ya hana hakan, saboda ruɗanin da kan taso idan azuzuwan biyu suna da aiki mai suna ɗaya. Python kuwa ya yarda, amma tun 2003 yana bin ƙayyadadden jeri wajen zaɓen wanda zai kira.

Babbar illar gado ita ce ƙaramin gyara a ajin asali na iya lalata dukan magadansa a ɓoye. Harshen Go, da kamfanin Google ya fitar a 2009, bai tanadi gadon aji ba sam.