Kwalli: Tsohon Maganin Ido da Dutsen da ke Cikin Tandu

Kafin asibiti ya zo ƙasar Hausa, kwalli ne maganin ido na farko a kowane gida. Unguwarzoma takan zizara wa jariri shi tun kafin ranar suna, dattijo ya sa ranar Juma'a, mata kuma su adana nasu cikin tandun fata. Kakanninmu suna da hujja, domin idonsu na fama da ƙurar hunturu, da hayaƙin murhu, da ƙudajen da ke yaɗa amosanin ido, ga ƙyanda mai bar wa yaro hakiya. Al'adar ma daɗaɗɗiya ce ƙwarai. Mutanen Masar sun riƙa niƙa wani baƙin dutse mai ƙyalli suna shafawa a ido fiye da shekara 4,000 da suka wuce, sannan Musulunci ya ƙara wa abin daraja, tunda hadisai sun yabi kwallin ismidi wajen ƙarfafa gani.

Matsalar tana ga dutsen. Yawancin ƙulu-ƙulun kwallin da ake sayarwa a kasuwanninmu dutse ne da masana ke kira galena, wanda mafi yawan nauyinsa dalma ce, kuma akwai irinsa a ƙasar Wase da kewayen Abakaliki. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka sami dalma mai yawa a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya. Da aka auna kwallin da ake sa masa, kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Wannan ita ce gubar da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, ko da yake a can ta fito ne daga ƙurar dutsen zinariya, kuma yawanta ya zarce na kwalli nesa ba kusa ba.

Wani zai ce iyaye da kakanni sun sa, ba su makance ba. Gaskiya ne, amma ɓarnar dalma ba a ido take bayyana ba. Hawaye kan gangara da garin kwallin ta ƙaramar hanyar da ke haɗa ido da hanci, ya sauka maƙogwaro. Yaro kuma ya murza ido ya kai yatsa baki. Cikin yaro ya fi na babba tsotse dalma, daga nan ta shiga jini ta taɓa ƙwaƙwalwar da ke tsiro. Yaron da ya tashi da nauyin fahimta, ba wanda zai tuhumi tandun uwarsa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalma a jini da za a kira marar illa.

Wani kuma zai kawo binciken da masana a Faransa suka wallafa a 2010, wanda ya nuna gaurayen dalma na kwallin Masar na iya zaburar da ƙwayoyin fata su yaƙi cuta. Wannan ya tabbatar da cewa magabata ba su yi aiki a makance ba, sai dai sun zaɓi kwalli ne a zamanin da babu man ido mai kashe ƙwayar cuta, babu allurar ƙyanda. Batun sunna ya fi nauyi, kuma ya cancanci a girmama shi. Masana da dama suna ganin ismidi wani dutse ne daban, mai sinadarin antimoni, kuma mai talla a kasuwa ba shi da hanyar rarrabe su da ido. Ƙa'idar shari'a ta kawar da cuta ta isa ta sa uwa ta jinkirta wa jaririnta kwalli har sai an auna abin da ke cikin tandun.