Munduwa a cikin taɓo: tarihin Marimar daga rediyon Habana zuwa talabijin na Afirka

A ranar 31 ga Janairu 1994 kamfanin talabijin na Televisa, a ƙasar Meksiko, ya fara nuna wani wasan kwaikwayo mai dogon zango da aka raɗa wa suna Marimar. Wasan ya ƙare a watan Agusta na wannan shekara, amma a lokacin ne tafiyarsa ta soma. Cikin ƴan shekaru aka juya shi zuwa harsuna da dama, ya ƙetare tekuna, ya shiga gidajen mutanen da ba su taɓa jin sunan Meksiko ba sai a wasan ƙwallon ƙafa. A ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da Faransanci, har yau akwai iyaye mata da za su iya kawo labarin tun daga farko har ƙarshe. Yawanci ana tuna shi a matsayin labarin soyayya. Sai dai wanda ya bi tarihinsa zai tarar cewa ginshiƙinsa ƙazafi ne: yadda ake ɗora wa talaka laifin da bai yi ba, da kuma yadda maganarsa ba ta da nauyi a gaban ta mai dukiya.

Labarin a taƙaice

Marimar yarinya ce marainiya da ba ta yi karatu ba. Tana zaune da kakanninta biyu a wata bukka ta bakin teku, a wani gari na ƙage mai suna San Martín de la Costa. Yunwa kan sa ta shiga gandun gidan Santibáñez ta ɗebo abin da za su ci. A nan ta haɗu da Sergio, ɗan mai gandun, matashi ɗan ƙwallo wanda ke takun-saƙa da mahaifinsa Renato da matar ubansa Angélica a kan dukiya. Don ya ƙona musu rai, sai ya auri wannan yarinya mai yawo ba takalmi, ya kawo ta gida. Ita ta ɗauka so ne. Shi kuwa sanda ya samu ta dukan iyayensa. Wannan ita ce cin amana ta farko, kuma daga hannun miji ta fito.

Da Sergio ya yi tafiya neman kuɗi, sai Angélica ta samu fili. Ta jefa wata munduwa a cikin taɓo, ta sa Marimar ta ɗauko ta da haƙora, sa'an nan ta kai ƙara cewa sace ta aka yi. Aka kai Marimar gidan kaso. Tana can aka aika mai kula da gandun, Nicandro, ya cinna wa bukkar wuta, kakannin suka mutu. Aka kuma ƙirƙiri wasiƙa da sunan Sergio, wai bai taɓa son ta ba. Ta fito da juna biyu, ba miji, ba dangi, ba suna mai kyau. Wani limamin coci, Porres, ya kai ta babban birnin ƙasar, inda ta kama aikatau a gidan wani attajiri, Gustavo Aldama, wanda ashe shi ne mahaifinta da ya daɗe yana cigiyar ƴarsa. Ta yi karatu, ta koma Bella Aldama, ta dawo ta talauta gidan Santibáñez, ta kuma sa Angélica ta ɗauko takardu daga taɓo da haƙoranta. Bayan doguwar wahala ta sake haɗuwa da Sergio.

Tushen da ke Kuba

Wannan labari ya girmi talabijin. A shekara ta 1865 aka fara wata al'ada a masana'antun naɗe taba na birnin Habana: ma'aikata su haɗa kuɗi su biya mutum guda ya zauna a bisa dandamali yana karanta musu jarida da littattafai, su kuwa hannuwansu na aiki. Cikin littattafan da suka fi so har da na Alexandre Dumas na 1844, labarin Edmond Dantès, matuƙin jirgin ruwan da abokansa suka yi wa sharri, aka rufe shi shekara 14, ya rasa budurwarsa, daga baya ya dawo da dukiya da sabon suna don ɗaukar fansa. Son da suka yi wa littafin ya kai ga wata taba da aka fara yi a 1935 ta ɗauki sunan Montecristo. Malaman da suka koyar da Dumas a aji za su gane ƙashin bayan Marimar nan take: ƙazafi, kaso, sauya suna, fansa. Abin da ya sauya shi ne an mai da jarumin mace, an kuma mai da maƙiyan ƴan cikin gida.

Da rediyo ya bunƙasa a Kuba, kamfanonin sabulu suka riƙa ɗaukar nauyin labarai masu zuwa kashi-kashi, domin matan da ke aikin gida su saurara, su kuma ji tallar sabulu a tsakani. Wanda ya fi shahara shi ne El derecho de nacer na Félix Caignet, wanda gidan rediyon CMQ ya watsa daga 1948 cikin kashi 314. A wannan fage Inés Rodena ta taso. An haife ta a Habana a 1905, ta yi aikin jinya kafin ta kama alƙalami, kuma ta ƙware a kan jigo guda: yarinya matalauciya, wadda ba ta san ladubban manyan gida ba, ta faɗa tsakiyar masu hali. Bayan juyin juya halin 1959 gidajen rediyo na kasuwa suka koma hannun gwamnati, marubuta da yawa suka bar ƙasar da tulin rubuce-rubucensu. Labaran Rodena suka samu masauki a gidajen talabijin na Benezuwela, daga nan suka isa Meksiko. Ita kanta ta rasu a Miyami a 1985, shekara tara kafin Marimar.

Masana'antar Televisa

Mutumin da ya mai da waɗannan rubuce-rubuce haja ta duniya shi ne Valentín Pimstein, haifaffen ƙasar Cile wanda ya yi rayuwarsa ta aiki a Meksiko. A 1977 ya shirya La venganza, wato Fansa, daga wani labarin Rodena da aka riga aka yi wasansa a Benezuwela. A 1979 ya fitar da Los ricos también lloran, ma'ana masu kuɗi ma suna kuka, shi ma daga alƙalaminta. Wannan ne ya girgiza Rasha da aka nuna shi a can a 1992. Saboda haka Marimar tsohon zane ne aka sake rinawa: labarin La venganza ne, aka ba wata mawaƙiya ƴar shekara 22, Thalía, ta hau kansa, tare da Eduardo Capetillo a matsayin Sergio da Chantal Andere a matsayin Angélica. Shi ne na tsakiya a cikin wasanni uku da Thalía ta fito a matsayin matalauciya mai suna María, tsakanin María Mercedes na 1992 da María la del Barrio na 1995.

Shugaban Televisa na lokacin, Emilio Azcárraga Milmo, bai ɓoye manufarsa ba. A 1993 ya faɗa a bainar jama'a cewa yawancin mutanen Meksiko talakawa ne da ba za su fita daga talauci ba, kuma aikin talabijin shi ne ya ɗebe musu kewa, ya ɗauke hankalinsu daga halin da suke ciki. Shekarar da ta biyo baya ta gwada wannan magana. A ranar 1 ga Janairu 1994 yarjejeniyar ciniki tsakanin Meksiko da Amurka da Kanada ta fara aiki, a ranar ce kuma manoma ƴan asalin ƙasa suka ɗauki makamai a jihar Chiapas, suna kukan ƙasar noma da wulaƙanci. A watan Maris aka harbe ɗan takarar shugaban ƙasa Luis Donaldo Colosio a Tijuana. A watan Disamba kuɗin ƙasar ya faɗi warwas. A tsakiyar wannan guguwa ne miliyoyin mutane ke zama kowane dare suna kallon yarinyar da masu gandu suka ƙona wa bukka. Ko da an shirya wasan don a mantar da mutane, abin da ke cikinsa ya yi kama da abin da ke bakin ƙofarsu.

Ƙetare teku

A 1996 wani gidan talabijin na ƙasar Filifin ya nuna Marimar cikin harshen Tagalog. Karɓuwar da ya samu ta sa da Thalía ta ziyarci Manila a wannan shekara, shugaban ƙasa Fidel Ramos da kansa ya tarbe ta. Daga baya ƴan Filifin suka sake shirya wasan da ƴan wasansu har sau biyu, a 2007 da 2015, Televisa ma ta sake shi a 2013 da sunan Corazón indomable.

Shigowar irin waɗannan wasanni Afirka tana da dalili na aljihu. A watan Janairu 1994, makonni kaɗan kafin a fara Marimar a Meksiko, aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Gidajen talabijin na gwamnati, waɗanda dama ke fama da ƙarancin kuɗi, suka ga kayan aiki sun ninka tsada. Sayen wasan da ya riga ya mai da kuɗinsa a gida, aka kuma juya shi zuwa Faransanci, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan shirya sabo, ga shi kuma yana jawo masu talla. A ƙarshen shekarun 1990 Marimar ya mamaye Kwaddibuwa, har mujallar UNESCO ta ruwaito a 1999 cewa wasu masallatan Abijan sun matso da lokacin salla a watan azumi don kada jama'a su rasa kashin ranar. A Nijar ma wasannin Meksiko sun samu gindin zama. Masaniyar al'adu Adeline Masquelier, wadda ta daɗe tana bincike a Dogon Dutsi, ta wallafa nazari a 2009 a kan yadda matasa suka kalli Rubí, wani wasan Televisa na 2004, suna ɗaukar sa makaranta ta sanin so da talauci da zaman aure.

Shaidar da babu

Me ya sa labarin bakin tekun Meksiko ya zauna daram a zukatan mutanen Sahel? Wani ɓangare na amsar shi ne sun riga sun san irinsa. Duk wanda ya yi karatun allo ya san ƙissar Annabi Yusuf: ƴan'uwa suka ci amanarsa, matar maigidansa ta yi masa ƙage, ya shekara da shekaru a kurkuku, ya fito ya ɗaukaka. Tatsuniyoyin marainiya da kishiyar uwa ma suna nan birjik. Amma kwatanta ƙissar da wasan yana fito da wani bambanci mai muhimmanci. A ƙissar Yusuf akwai shaida: wani daga dangin matar ya ce a dubi inda rigar ta yage, daga baya sarki ya yi bincike, matan suka faɗi gaskiya, aka wanke shi a gaban kowa kafin ya karɓi muƙami. Da ya samu iko a kan ƴan'uwansa, sai ya yafe.

A Marimar mahukunta ba su nemi sanin yadda munduwa ta shiga taɓo ba. Matar mai gandu ta yi magana, aka rufe yarinya. Abin da ya ɗaga ta daga baya jini ne da dukiya: an gano ƴar attajiri ce. Da mahaifinta masunci ne kamar sauran mutanen garin, da ta mutu da sunan ɓarauniya. Nan wasan ya faɗi gaskiya mai ɗaci, wataƙila ba da niyya ba: a duniyar da ya zana, gaskiyar talaka ba ta isa ta fisshe shi, sai ya daina zama talaka. Fansar ma da kayan aikin maƙiya aka ɗauke ta, wato kuɗi da bashi da wulaƙanci a cikin taɓo guda. Masu kallo sun yi shewa a ranar da Angélica ta durƙusa, domin ramin mugunta ta gina ya zo daidai da ita. Sai dai tsarin da ya ba ta damar rufe marar laifi yana nan yadda yake. Mai riƙe da bulala kawai aka sauya.

Haka nan soyayyar. An ɗaura aure a ƙarshe, a ƙaramin cocin garin, kamar yadda dokar irin waɗannan wasanni ta tanada. Amma tsofaffi biyun da suka so Marimar tun ba ta da komai sun ƙone a bukka, ba kuma wata dukiya da ta dawo da su. Mutumin da ta koma wa shi ne wanda ya fara mai da ita makami. Masu kallo da yawa, musamman mata, sun yi ta gardama a kan ko ya cancanci yafiya, kuma wannan gardama ta fi ƙarshen wasan daraja.

Ga malamai da ƙungiyoyin al'adu, tarihin Marimar yana da amfani ta fuska biyu. Yana nuna cewa abin da ya zo a allo kamar sabo yana da kakanni, tun daga mai karatu a masana'antar taba har zuwa ma'aikaciyar jinyar da ta koma marubuciya, kuma a kowane zango akwai mai biyan kuɗi da abin da yake so a sayar. Yana kuma barin tambayar da ƴan wasan dandali na gida suka fi kowa cancantar ɗauka, tun da a unguwanni da kasuwanni ba a rasa ƴar aiki ko almajiri ko bare da aka ce ya ɗauki abin da bai ɗauka ba: idan wanda aka yi wa ƙazafi ba shi da ɓoyayyen uba mai dukiya, wa zai tsaya ya ce a dubi rigar?